Na gina ɗaki a kan hanyar makara

Sallama gare ku 'yan wannan zaure, admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya tsaya mini a rai, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa.

Ni tela ne, daga wani ƙauyen Sabuwa na taso da iyalina da mahaifiyata muka dawo Yankara. Na sayar da shanuna biyu na sayi fili a bakin gari, aka yi takarda gaban mai unguwa, shaidu suka sa hannu, aka shafa fatiha. Akwai wata 'yar siririyar hanya da ta ratsa tsakiyar filin, ni na ɗauka ta awaki ce, ban tambaya ba, su ma ba wanda ya ce mini uffan. Na zagaye wurin da katanga, ɗakin Inna kuwa a kan hanyar ya zauna daram.

Bayan wata uku wani dattijo ya rasu a unguwar, ina cikin masu rakiya, kawai sai na ga makara ta tsaya a jikin katangata. Ashe tun zamanin kakan wanda ya sayar mini aka bar hanyar nan sadaka, ta nan ake bi da gawa zuwa maƙabarta. Ranar sai da aka zagaya ta bakin rafi, mutane na zamewa a taɓo da gawa a kafaɗa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Na je wa mai unguwa da takardata, na ce Baba ina aka rubuta hanya a nan? Ya ce abin da kowa ya sani ai ba a rubuta shi. To ni baƙo a ina zan sani? Mai filin kuwa cewa ya yi shi ƙasa ya sayar mini, bai sayar da hanyar mutane ba. Zuciya ta ɗebe ni, na ce ba zan rushe ba, a je duk inda za a je.

Ba wanda ya kai ni ƙara, da sun kai ni ma da ya fi mini sauƙi. Shiru kawai suka yi mini. Ɗinkin salla ya zo ya wuce kekena a rufe, a masallaci a ba ni hannu ba a kalle ni ba. Matata ta haihu, ranar suna ni da liman kaɗai muka zauna a kan tabarma, goron nan har ya bushe a faranti. Wallahi kaɗaici ya ishe ni.

Yanzu Inna na kwance, ko tashi ba ta yi. Jiya ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗan nan, in ta Allah ta kasance, wa za ya kama maka?"

In na buɗe hanyar, ɗakin da take kwance ne zai tafi, kuma ba ni da halin gina wani. Jama'a ya zan yi? In rushe ɗakin uwata tana jinya, ko in jira ranar da zan tsaya a ƙofar gida ina neman mutum huɗu?