Honarabul, Takin da Aka Kama Ƙanena da Shi Hotonka Ne a Jiki

Zuwa ga Honarabul, wanda muka tsaya a rana muka zaɓa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ranka ya daɗe, tare da fatan kai da iyalinka kuna lafiya.

Sunana Hajara, turara shinkafa ce sana'ata a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Ni ba ka san ni ba, amma ka san ƙanena Sabi'u, duk da an ce yanzu sunan ya ɓace maka. Shi ne dogon nan da ya riƙe maka lema ranar da ka zo bakin kanal neman ƙuri'a, ka yi wa manoman rani alkawarin taki.

Alkawarin kuwa ka cika shi. Aka ce ƙungiyar manoma ta turo wakili ya ɗauko rabonta daga sito a birni, sai aka tura Sabi'u don ba ya ƙin aike. A hanyar dawowa jami'an tsaro suka tsayar da motar a shinge. Suka ce farin takin nan da shi ake haɗa bam, mutum ɗaya me zai yi da mota guda? Direba ya dawo gida washegari da ragowar kaya. Sabi'u kuwa yau rani na biyu ke nan yana tsare, ba kotu, ba alƙali, ba wanda ya faɗa mana laifinsa.

Makon jiya ina juya shinkafa a tukunya na ji muryarka a rediyo. Ka ce duk wanda ke tsare kan zargin ta'addanci akwai dalilin tsare shi, kuma masu kukan a kai su kotu a bincike su su ma. Na ji tafi ya ɓarke a bayanka. Wallahi sai da hayaƙi ya turnuƙe ni ban sani ba. To tunda ka ce a bincike mu, bari in riga ka da nawa tambayoyin.

Na ɗaya. Kafin zaɓe, a filin makarantar garinmu, ka ce waɗanda ake tsarewa ba shari'a 'ya'yan talakawa ne, har ka ciro hankici ka share ido. Ina wurin, na gani. Mutanen nan dai su ne a ciki, ba a canja su ba. Me ka gano a kansu tun daga lokacin, ban da cewa ka ci zaɓe?

Na biyu, kuma ita ce ke hana ni sukuni. Kowane buhu a motar nan hotonka ne a jiki, kana murmushi, hula a karkace. Kalma ɗaya daga bakinka, cewa takin naka ne kuma kai ka raba, ta isa ta warware komai. Mun je gidanka ni da tsohuwarmu, muka yini a ƙofa. Yaranka suka ba mu ruwan leda suka ce ka fita, alhali motarka tana ciki. Shin tsoro kake kada a ambaci sunanka kusa da kalmar ta'addanci? Ko kuwa idan aka zauna a gaban alƙali za a tambayi yawan takin da ya shiga siton da inda sauran ya tafi? Ban ce haka ne ba. Amma mutumin da ba ya son a buɗe magana a kotu, dole in yi tunani a kansa.

Na uku, gonar Sabi'u, wadda marigayi babanmu ya bari. Tun bayan jawabinka mutane suka fara kauce mana, matan da ke kawo mini shinkafa sun ragu. Ranar da ruwan kanal ya zagayo kan layinsu, babu mai buɗe wa gonar Sabi'u sai maƙwabcinsa Bulus, wanda ya zo daga Filato noman tumatir, shi ma an fara yi masa kashedi. Yanzu ana cewa gonar da mai ita ba ya nan gara a ba wani kafin dashe. Wanda ke zagaya ta safe da yamma, yana auna ta da ido, shi ne ya jagoranci kamfen ɗinka a mazaɓarmu. Wataƙila dacewa ce kawai.

Ban roƙe ka ka ce Sabi'u ba shi da laifi ba, wannan aikin alƙali ne. Roƙona a kai shi kotu. In an same shi da laifi, ni yayarsa ba zan ɗaga murya ba. Sannan ka koma rediyon nan ka faɗi na wane ne takin, ka kuma ce wa mutuminka ya fita daga gonar marayu.

Buhu ɗaya daga cikin ragowar kayan yana wurina. Da a kansa nake shanya shinkafa, yanzu na wanke shi na naɗe na adana. Duk ranar da aka kira shari'ar, da shi zan zo. Ko ba ka halarta ba, ranka ya daɗe, fuskarka za ta je.

Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa ka faɗi gaskiya tun tana da amfani, kada Ya nuna wa mahaifiyarka irin jiran da tamu ke yi.

Wassalam.

Hajara, yayar Sabi'u