Na Ƙone Bushiyar Maƙwabcina, Ana Zargin 'Ya'yan Wata

Hajiya Damata,

Don girman Allah ki taimake ni da shawara. Abin nan ko maigidana ban iya faɗa wa ba.

A unguwar Tottenham a nan Ingila muke zaune tun zuwansa karatun likita a 1988. Katanga ɗaya muke da wani tsohon Bature, Bernard, matarsa ta rasu, ba ɗa ba jika. Mutumin kirki ne, shi ya koya mini kunna hita da hawa bas lokacin da nake baƙuwa.

A ƙarshen Oktoba aka kwantar da shi asibiti don aikin ƙugu, ya bar mini makullin lambunsa in riƙa leƙawa. Kin san yadda itatuwan garin nan suke zubar da ganye in sanyi ya ƙarato. Na tarar ganye ya rufe ko'ina, ja da ruwan ɗorawa, ga wani tsibi guda a bayan ɗakin ajiyarsa. Ni kuwa 'yar Zariya ce, uwata ba ta yarda rana ta fito ba a share tsakar gida ba, balle maras lafiya ya dawo ya tarar da juji. Na ɗauko tsintsiyar da na zo da ita daga gida, na share tas, na haɗa a kan tsibin, na kyasta ashana kamar yadda muke yi wa shara. Har daɗi nake ji wai na samu ladan maƙwabtaka.

Da wutar ta mutu ina baza toka, sai ga bushiya a dunƙule, ta ƙone. Na binne ta.

Ashe da gangan yake tara ganyen. Marigayiyar matarsa ce ta saba ciyar da bushiyar, a cikin tsibin take barcin hunturu, kuma tun rasuwarta shi yake tara mata. An sallamo shi washegarin daren da Turawa ke kunna wuta da wasan tartsatsi, ganye kuma ya sake zubowa ya rufe sharar da na yi. Sai ya yanke cewa 'ya'yan Fulera ne, wata 'yar Gana a layinmu, suka tsallako suka cinna wa tsibin wuta. Ina tsaye riƙe da jakarsa ya yi kuka a gaban tokar, na bar shi a kan zarginsa.

Tun ranar kullum kwanona na gidansa. Yau tuwon shinkafa da miyar taushe, tunda kabewa ta yi araha, gobe faten wake, da safe kunun gyaɗa mai zafi. Yana ci yana sa mini albarka, wai ya samu 'ya. Duk godiyar da ya yi ji nake kamar an watsa mini ruwan zafi. Yanzu ya daina gaisawa da Fulera, har ya ce zai kai ƙararsu council, wato hukumar unguwa, alhali gidan council suke ciki, ana iya korarsu. Ranar Juma'a a masallacin Regent's Park ni ta kawo wa kukanta, na ce mata Allah ya kyauta. Hajiya, ni fa na ce haka!

In na faɗa, ina tsoron ya rufe mini ƙofa, kuma ba mai kai masa abinci sai ni. In na yi shiru, baiwar Allah za ta shiga uku. Yaya zan yi?

Mai Tsintsiya, Tottenham

Mai Tsintsiya,

Garin neman gira kin rasa ido, amma ba ke kika fara ba. Batun bushiya ki yi istigfari ki kwantar da hankalinki. Ba da gangan kika yi ba, rashin sani ya fi dare duhu, kuma tarbiyyar da uwarki ta ba ki ba abin kunya ba ce. Shirun da ya biyo baya shi ne laifin, wannan kam da saninki kike yinsa kowace safiya.

Na yarda tsoronki na da tushe. Tsohon zai ji ciwo, wataƙila ya ɗauke miki wuta har bazara. Amma ba yunwa za ta kashe shi ba, kafin ki zo Ingila yana cin abinci. Ki duba da kyau, shi kike tsoron ya rasa mai dafa masa, ko ke kike tsoron rasa yabon? Fulera kuwa muhallinta da mutuncin 'ya'yanta ne a kan siraɗi.

Ki faɗa wa maigidanki yau. Gobe ki shiga wurin Bernard kafin ya kai ƙarar, kuma ki je hannu biyu ba kwano, kada ya gane daga baya cewa miyar taushen toshiyar baki ce. Ki faɗi abin da kika yi da dalilinki a taƙaice, kada ki yi kukan da zai sa shi ya koma lallashinki. In ya yi fushi, haƙƙinsa ne, ki ba shi lokaci.

Daga nan ki wuce gidan Fulera. Wannan ƙofar ta fi wuyar ƙwanƙwasawa, domin shi kuskure kika yi masa, ita kuwa ido biyu kika bar ta da laifinki. Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sanyaya nasu.

Hajiya Damata