Sikelin Ranar Awo da Cikin da Ba Ni da Shi

Zuwa ga Babban Likita mai kula da sashen mata na asibitin da nake karɓar magani,

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ya iyali, ya haƙuri da jama'a? Sunana Rabi, matar aure daga Kashin Zama. Na rubuto a fili ne domin sau uku ina neman ganinka ana cewa ka tafi taro Birnin Kebbi. Tun da aka ba mu sabuwar jiha, taron nan ya ƙi ƙarewa.

Shekarata shida da aure, ko ɓari ban taɓa yi ba. Al'adata takan yi wata biyar ba ta leƙo ba, jiki sai hauhawa yake, wuyana ya yi baƙi kamar ban san sabulu ba, ga gashi a haɓa ina tsigewa a ɓoye. Kai ka tura ni Sakkwato aka yi mini hoto, ka duba ka ce 'yan ƙullutai ne masu ruwa suka taru a ma'ajiyar ƙwan haihuwata. Ka ce ba ciki ba ne, amma in na rage ƙiba al'ada tana iya daidaita, haihuwa ma kada in fid da rai. Ka ce in riƙa zuwa duk wata ana gwada nauyina. Na karɓi maganarka hannu biyu, ga kuma inda ta kai ni.

Na ɗaya, sikeli. Sikelin manya guda ɗaya ne a sashenku, kuma ba a fito da shi sai ranar awon ciki. Wata goma sha huɗu ke nan ina zama a benci ɗaya da masu juna biyu. Nas ta kira sunana, in hau, ta ɗaga murya ta ce kilo casa'in da ɗaya, kamar mai gwanjon albasa a kasuwar Aliero. Ta gefena ta tambaye ni wata nawa, in yi murmushi in kau da kai. Waɗanda muka fara zama tare sun haihu, sun dawo rigakafi da goyo, sun tarar da ni inda suka bar ni. Ban taɓa jin kaɗaici irin na bencin nan ba, ga shi cike da mata.

Na biyu, takardar abincin da aka ba ni. Da Turanci take, kuma da aka karanta mini sai na ji tuffa da kabeji da wani hatsin gwangwani. Ranka ya daɗe, a gidanmu tuwon dawa ake yi da fura. Na tambayi nas yadda zan yi da su, ta ce in dai rage ci kawai. Na rage. Na bar sukari, na bar ƙosai, ina azumin Litinin da Alhamis. Bayan wata takwas kilo biyu suka tafi, uku suka dawo. Nas ta dubi katina ta ce ina ci a ɓoye. Na koma gida a bayan mota ina haɗiye kuka.

Na uku shi ne ya hana ni sukuni. Matan garinmu sun ga ina zuwa ranar awo, labari ya isa kunnen Inna, mahaifiyar mijina. Da azumi kuma ta lura na kai talatin ban sha ko ɗaya ba. Shi ke nan, ta yanke cewa ciki gare ni, kwanciya ya yi. Na ce mata likita ya ce babu. Ta ce in babu, me ke kai ni awo? Sai ta dafa ni ta ce, “Ke dai ci, ɗiyata, wanga ciki kwanciya yay yi, in Allah ya so shina tashi.”

Tun ranar ta hana ni daka, ta hana ni zuwa rijiya, wato duk motsin da ka ce in riƙa yi. Kullum sai ta dama mini fura da kindirmo, ta narka man shanu a tuwona, ta zauna har sai na cinye. Ta karɓo rubutu na sha don cikin ya farka. Har rago ta sayo a kasuwar Jega ta ɗaure don suna. Mijina direban motar albasa ne, rabin shekara yana kudu. Ya san gaskiya, amma ya ce in bar tsohuwa da farin cikinta.

Ba zan ɓoye laifina ba. Na daina musu, domin a shekara shida ban taɓa ganin wannan tarairaya ba, kuma ta yi mini daɗi. Amma kowace ƙwaryar fura da na shanye don in faranta mata tana ƙara nisanta ni da haihuwar da take jira. Ni kaɗai na san wannan a gidan.

Roƙona kaɗan ne. A fito da sikelin wata rana daban don irina, a rubuta nauyin a kati ba sai an yi shela ba. A zauna da ni a gaya mini, da Hausa, yadda zan ci dawa da gero da wake da zogale. Mafi girma kuma, ka ba mu rana in kawo maka Inna, ka nuna mata hoton nan, ka faɗa mata da bakinka, domin nawa bakin bai isa ba. In ranar ta zo, ka bar ni in zauna kusa da ita. Za ta yi kukan jikan da ba ta samu ba, kuma ba na so ta yi shi ita kaɗai kamar yadda na yi nawa.

Allah ya ƙara maka basira, ya sa albarka a hannunka, ya raya maka zuri'a, ya ba ka ladan masu jinya.

Wassalam.

Rabi, daga Kashin Zama.