Ɗigon jan farce a agogon Inna

Alƙahira, Masar.

Zuwa ga ƙanwata Shamsiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da fatan kuma ƙafar Inna ta yi sauƙi da sanyin daminar nan. Allah Ya ƙara mata lafiya. Ni ina nan ƙalau, sai gajiya da ƙurar masana'antar tayil.

Saƙonki ya iso. Kin ce Inna ta lulluɓe tsohuwar kwamfutar da zane, ta ce ta daina kiran wanda ba ya ɗauka. Kin ce kuma Yaya Mahadi ya faɗa gaban dangi, a wurin suna a Kachia, wai na ga gari na fara gudun uwata. Shamsiyya, ba zan ba da haƙuri kan abin da ban yi ba. Yaya ne ke kai Inna asibiti, shi ke ɗauke da gidan, ban taɓa musun wannan ba. Amma ai sai ya tambaye ni kafin ya yanka ni a bainar jama'a.

Kin tuna kafin in taho na sa agogon Masar a fuskar kwamfutar, Inna ta ɗiga jan farce daidai inda ƙaramin hannu ke kaiwa lokacin hutuna? Tunda kunnenta ya yi nauyi, sai ta ga bakina ƙato a kwamfutar take gane magana, waya kuwa ta yi mata ƙanƙanta. To, bana gwamnatin nan ta tura agogon ƙasar gaba da awa ɗaya. Kwamfutar ba ta sani ba, don waɗanda suka ƙera ta sun daina aiko mata gyara, sun ce ta tsufa. Lokacin da hannu ya taɓa ɗigon, ni tuni na koma bakin inji, wayata na kulle a loka. Kullum ina zama da burodi a hannu ɗaya, waya a ɗayan, har hutu ya ƙare. Da yamma in tarar da kiranta, in kira, a ce ta ƙi karɓa.

Kin ce Gershon mai gyara na bakin kasuwar Kafanchan ya ce sai dai a sayi sabuwa. Ba ƙarya ya yi ba, amma ban yarda ba. Inna ko ido rufe ta san inda za ta danna a waccan, ba za a mayar da ita ɗaliba da tsufanta ba. Na turo ƙaramin fayil a wayarki, ki kai masa ya sa wa kwamfutar, fayil ɗin zai koya mata sabon lokacin nan. Kada ya tura agogon da hannu, don ƙarshen Oktoba mutanen nan za su mayar da nasu baya, rigimar ta dawo sabuwa.

In fayil ɗin ya ƙi, ki miƙa wa Inna kwalbar jan farce ta ƙara ɗigo, awa ɗaya kafin na da. Sabon na damina ne, tsohon kuma daga an fara haƙar citta har ruwa ya sauka.

Ki gaishe da Hussaina, da Goggo Kubra ta Manchok, da Yaya Mahadi, har shi. Ki ce wa Inna gobe da hutu zan zauna da wayar a hannu kamar kullum, ta cire zanen.

Naki yayanki,
Abdulhafiz