Tsanin Burodin Wili

Montero, 18 ga Satumba

Baban Wili,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya sanyin Challapata, yaya gwiwar nan taka? Ina fatan dabbobi duk lafiya. Ni dai da sauƙi, in ji masu kallona.

An sa mini na'urar bugun zuciya. Ba ta fi kwalin ashana ba, tana nan cikin fata a ƙasan kafaɗata ta hagu, ita ke zungurar zuciyar in ta yi kasala. Jiri ya ragu, ban sake faɗuwa ba. Amma likita ta nuna mini hoton ƙirjina, zuciyar ta buɗe ta saki kamar tsohuwar safa. Ta ce na'ura bugu kawai take gyarawa, ba ta mayar da ƙarfi. Wai cutar Chagas ce. Ƙwaron bangon nan na gidan iyayena a Aiquile ne ya cije ni tun ina yarinya, shekara arba'in ciwon yana cina a ɓoye, ni kuwa ina ta cika baki ban taɓa kwanciya asibiti ba.

'Yarka Nieves ta zama soja. Ƙwayar rage ruwa da safe, ta tsinka jini da yamma, gishiri kuwa ta kulle shi a akwati. Busasshen naman da ka aiko, a gabana ta rabar wa maƙwabta. Na ce, "Ke, ni na haife ki ko ke kika haife ni?" Ta ce, "Mami, zage ni son ranki, in dai kina da numfashin zagin."

Ga abin da nake ta kewaye-kewaye a kansa. Likita ta ce kada in sake hawa tudu, iskar garinmu ba za ta ishi wannan zuciyar ba. Na ce mata ɗaya ga Nuwamba matattu ke saukowa su ci abinci a gidajensu, kuma bana ne karo na farko da ɗana Wili zai zo tun da muka binne shi, wa zai tarbe shi? 'Yar Oruro ce, yankinmu, ta san abin da nake nufi. Ta sunkuyar da kai, amma ba ta canza magana ba.

Ka gaida kowa da kowa.

Matarka,
Fermina

Montero, 12 ga Oktoba

Baban Wili,

Ina gaisuwa. Na ga takardarka, na kuma ga ka ce in kwantar da hankalina, kai za ka shirya teburin tarbar Wili. Kai da ko ruwan zafi sai ka ƙona?

Garin nan ya ishe ni. Zafi, sauro, ƙafafuna sun kumbura takalmi ya ƙi shiga. Daga gado zuwa kujerar bakin ƙofa, daga kujera zuwa gado, tafiyata ke nan. Ko ta ina na duba ƙasa a shimfiɗe take, babu dutse ko ɗaya da ido zai huta a kansa.

Akwai maganar da na kasa gaya wa kowa. Na tambayi likita me ke sa saurayi kamar Wili, ɗan shekara ashirin da huɗu, ya faɗi a filin ƙwallo, bai ko shura ba. Ta tambaye ni ko ya taɓa zama a kwari mai ɗumi irin Aiquile. Na ce bai taɓa kwana a Aiquile ba, garinmu kuwa sanyi ba ya barin ƙwaron. Ta ce ba za ta rantse ba tunda ba a gwada shi ba, amma uwa tana iya ba ɗanta tun yana ciki. An gwada Nieves, ita ba ta ɗauka ba.

Ni na ba shi, Anacleto. Na san za ka ce ban sani ba. Ban sani ba ɗin, amma ina so in faɗa masa da bakina, a gidansa, gaban teburinsa. Na sayi tikitin mota. In ka gaya wa Nieves, ni da kai ne.

Taka,
Fermina

Montero, 28 ga Oktoba

Baban Wili,

Da fatan kana lafiya. Na san Nieves ta riga ta kira ka, to ga nawa bakin.

Na fita da safe tana wurin aiki. Har muka wuce garin Villa Tunari lafiya lau, ina yi wa likita dariya a raina. Da motar ta fara hawa, sai numfashi ya fara tsinkewa, ƙirjina ya cika kamar na shaƙi ruwa. Matar da ke gefena ta yi ihu, "Direba, tsaya! Leɓen baiwar Allah nan ya yi baƙi!" A motar ayaba aka sauko da ni. Ko rabin tsayin garinmu ban kai ba. Kwana huɗu na yi da robar iska a hanci. Nieves ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ba zan zo ba. Bana ba zan zo ba, baɗi ma haka. Na yi kuka har na gaji.

Direban da zai ba ka takardar nan yana ɗauke da kwali. Tsanin burodi ne, wanda rai ke takawa ya sauko. Da hannuna na murza shi, a zaune. Za ka ga ya ninka na kowa tsawo. Mai gidan burodi ya ce, "Doña Fermina, wannan ai na hawa bene ne!" Bai shiga tanda ba sai da muka raba shi biyu. Ka haɗa shi a kan teburin, ka sa hotonsa na ƙwallo da kunun jar masara. Ka roƙi ƙanwarka ta dama, kada ka taɓa tukunyar.

In rana ta take ya iso, ka gaya masa uwarsa ba ƙin zuwa ta yi ba. Ka ce Montero, layin bayan kasuwa, gida mai shuɗiyar ƙofa. Na ƙara matakan ne don ya iya saukowa har nan.

Zan dafa masa miyar gyaɗa in zauna bakin ƙofa. Jiya Nieves ta buɗe akwatin da kanta, ta ajiye mini gishirin a gefen murhu. Ta ce yayanta ba ya cin lami.

Matarka mai kewarka,
Fermina