Tsatsa a Bayan Gwaggo

Asabar, 16 ga Agusta, 2025

A sanar da duk wanda abin ya shafa, wato ni da matata Aina'u da bokitin ƙarfen da ke bayan ƙofa, cewa daga yau na soke wankin mota. An yi wa soso ritaya, babu fansho.

Saboda masu binciken tarihi da za su tono littafin nan wata rana: Gwaggo ita ce akori-kurar da nake ɗaukar kaya da ita tsakanin Sharaɗa da Challawa da Bompai. Yau na je Ƙofar Ruwa na sayo mata shimfiɗar roba, baƙa mai tauri, an ƙera ta daidai faɗin bodi. Masu sayarwa suna ce mata laina. Sagir mai shagon ya ce, "Alhaji, amma fa a riƙa ɗaga ta ana wanke ƙasan, tunda fatu kuke ɗauka." Na ce na ji. Na kuma gode da Alhajin, duk da cewa iyakata gabas Wudil.

Aina'u ta leƙo ta duba. Abin da ta ce kawai: "Malam, har da darar ka rufe?"

Na ce ban lura ba.

Talata, 19 ga Agusta

Fatun awaki zuwa kamfanin jima a Challawa. Ruwan gishiri yana tsiyaya daga jikinsu kamar kullum, amma yanzu a kan roba yake kwanciya. Tsintsiya ɗaya, an gama. Ilimi ya yi rana.

Layin motoci a bakin get ya yi tsawo. Da can wannan jiran shi ne lokacin dara. Abokina Ishaku ne ya zana gidajenta da ƙusa a kusurwar bodi, shekarar da masaƙar da muke aiki a Sharaɗa ta rufe, muka haɗa kuɗin sallamarmu muka sayi Gwaggo. Layukan a karkace, don hannunsa bai taɓa sanin miƙaƙƙen abu ba. Ni da murafen lemo, shi da notina. In ya ci sai ya ce Allah ne ya amsa addu'ar Lahadi, in na ci ya ce Bakano dai ba ya rasa dabara.

Yau na zauna a gaba na karanta jaridar makon jiya. Har tallan filaye.

Asabar, 23 ga Agusta

Asabar ba wanki doguwa ce kamar huɗubar sabon limami.

Bayan la'asar na tsinci kaina a tsaye a ƙofar gida, na naɗe hannun riga. Babu dalili. Da a wannan lokacin ne Ishaku yakan iso gidanmu a Zawaciki a kan kekensa, ni in jawo ruwa a rijiya, shi ya hau bodi da soso, muna gardama kan wane ne ya lalata masana'antun Kano. Mun kama masu laifi da yawa a Asabar ɗin nan, ba mu taɓa hukunta ko ɗaya ba. Daga ƙarshe ya tsokane hujin da ruwa ke zurarewa da tsinke, mu shafa wa ƙarfe ɗan baƙin mai, Aina'u ta miƙo shayi mai citta.

Na warware hannun rigar na koma ciki.

Lahadi, 7 ga Satumba

Ishaku ya kira daga ƙauyen da ya koma, bayan sun taso daga coci. Muryar nan dai, kamar ana jan buhu a kan siminti.

"Bakano, kana raye?"

Na ce muna nan, Dattijo.

Wai citta ta yi kyau bana a ƙauyensu, can bayan Kachia. Ƙarshen Nuwamba za su haƙa. Wai in kawo Gwaggo ta kai musu kasuwa, in kwana biyu, in ga gonar. Na ce masa an yi wa Gwaggo sabuwar shimfiɗa, ba za ta iya da laka ba.

Ya yi dariya har da tari. "Motar da ke kwasar fata mai wari ce ke ƙyamar laka?"

Sai ya sassauta: "To ka yi tunani. In ba za ka zo ba ka gaya mini da wuri, in nemi wata."

Ya nemi wata mana. Motoci sun ƙare a Kaduna ne?

Alhamis, 18 ga Satumba

Bari in rubuta shi, ko zai bar ni in sha iska.

Ba tafiyarsa ce ta dame ni ba. Mahaifiyarsa ta tsufa, gona tana neman mai ita, matarsa Rifkatu ta gaji da haya. Duk na gane. Abin da ban gane ba shi ne yadda mutum zai wanke mota da kai kowace Asabar, ya sha shayinka, ya cinye ka a dara, amma labarin komawarsa gida a bakin mata zan ji. Rifkatu ta gaya wa Aina'u, Aina'u ta gaya mini, lokacin har an ɗaure kaya. Da na tambaye shi sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Gwaggo ba a raba ta, Malam Uwaisu. Ka riƙe." Kamar mota na tambaya.

An yi ruwa mai ƙarfi yau. Bodi ya cika kamar kwatarniya, na buɗe ƙofar baya ya zube. Wanda ya bi gefe ya shige ƙarƙashin roba, wannan kuma tsakaninsa da Allah.

Asabar, 4 ga Oktoba

Mai shayin bakin sito a Bompai: "Malam, ina abokin rigimar taka?" Na ce ya zama babban manomi. Ya zuba mini kofi biyu kafin ya tuna, ya mayar da ɗaya.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Cittar da ya bar mana ta ƙare. Aina'u ta sayo ta kasuwa. Ta kasuwa ma citta ce, in ji masana. A bakina dai kamar an jiƙa itace.

Na ce mata shayin ya canza. Ta ce, "Shayin ne ya canza?" ta ɗauke kofin ta shige. Matar nan ba ta karanta rabin abin da na karanta ba, amma ba ta taɓa ɓata kalma.

Laraba, 22 ga Oktoba

Aina'u ta nuna mini tabo a simintin ƙofar gida, inda Gwaggo ke kwana. Ja-ja, kamar an zubar da ruwan goro. Na yi mata bayani na ilimi: tsatsa aure ce tsakanin ƙarfe da iska, ruwa ne waliyyi, gishiri kuma ɗan aike mai gaggauta biki. Tunda na raba su da roba, babu ɗaurin aure.

Ta ce, "To wannan 'ya'yan wa ne a ƙasa?"

Na ce wataƙila daga salansa ne, bututun hayaƙi.

Na san ba daga salansa ba ne. Noti huɗu kawai ke riƙe da lainar, aikin minti kaɗan. Ban dai shirya ba.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Ya kira jiya, ina kallon wayar har ta gaji ta yi shiru. Yau Rifkatu ta kira Aina'u, saƙon ya sake biyo tsohuwar hanyarsa.

Wai notinan da yake dara da su suna nan a gwangwanin madara a kan tagarsa. Wai ya gwada koya wa jikokin yayansa dara, suka ce wasan tsofaffi ne. Wai a can kowa yana ce masa Baba, duk abin da ya faɗa sai a ce haka ne, har ya fara ramewa don rashin mai musa masa.

Aina'u ta ƙara wani, tana ninke kaya, ba ta dube ni ba: "Ta ce ya sha buɗe baki zai gaya maka zancen tafiyar, a kan bodin nan, soso a hannu. Sai ka ɗauko zancen gwamnati, shi kuma ya ji daɗi ya fasa."

Wai kuma in bai ji daga gare ni ba zuwa Lahadi ashirin da uku ga wata, zai yi magana da wani mai mota a Kachia.

Ni ma na iya shiru, ba shi kaɗai ba.

Talata, 11 ga Nuwamba

Wani direba ya buɗe dara a ƙasa a bakin get ɗin Challawa, ya ce in zo. Na ce ban iya ba.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Jiya ina sauke katan-katan na sabulu a Sharaɗa, na taka kusurwar bodi, na ji ta lotsa ƙarƙashin ƙafata kamar tsohuwar katifa.

Yau bayan la'asar na kwance notinan. Aina'u ta kama gefe ɗaya, na kama ɗaya, muka ɗaga.

Warin ne ya fara gaishe mu. Hujin ruwan duka sun toshe da gashin awaki da gishiri. Ruwan damina da na fata sun kwanta a ƙarƙashi tun watan Agusta, babu rana, babu iska, babu mai tsinke. Ƙarfe ya kumbura yana ɓarewa kamar ɓawon kuka. Daga sama roba tana sheƙi, kowa yana yaba mini tsabta.

Darar kuwa. Rabin gidajen sun tafi. Akwai inda na sa yatsa ya ɓulla, ina hango ƙasa. Ɓangaren da ya rage nasa ne, inda yake zama, layukan nan karkatattu.

Na daɗe a tsaye. Aina'u ba ta ce ai na gaya maka ba. Ta je ta ɗauko bokitin daga bayan ƙofa, ta ajiye kusa da ƙafata.

Na wanke. Ita ta jawo ruwan, ni na hau bodi. Ashe wanda ke sama shi ke shan wahala, gwiwoyina sun ba ni labari. Shekara da shekaru ina tsammanin ni ke yin babban aikin.

Talata, 18 ga Nuwamba

Wajen Auwalu mai walda a Sharaɗa. Ya ƙwanƙwasa ya ce a yanke kusurwar gaba ɗaya a sa sabon ƙarfe, ya fi sauƙi. Na ce ya yanke ruɓaɓɓen kawai, ya bar mini wancan gefen.

"Malam, wannan zanen na mene ne? Ko tsari ne?"

Na ce tsari ne, na maganin zaman banza.

Ya bi gefen layukan da wuta a hankali yana ƙunƙuni. Sauran bodin na kankare shi da kaina da buroshin ƙarfe, aka shafa jan fentin hana tsatsa, aka bi da baƙi. An buɗe hujin ruwa. Lainar ba ta yi laifin komai ba, an wanke ta an jingine a rana. Za ta koma, amma ba noti. Duk Asabar za a ɗaga.

Yanzu rabin dara ne a bayan Gwaggo, ɗaya rabin fili sumul. Na ɗauko ƙusa zan cike gidajen, sai na ga layina zai miƙe, ba zai haɗu da nasa ba. Na sa ƙusar a aljihu.

Juma'a, 21 ga Nuwamba

Na kira bayan an sauko daga masallaci. Na shirya jawabi tun safe, mai gabatarwa da hujjoji.

Ya ɗauka ya ce, "Bakano."

Na ce, "Dattijo, hanyar ƙauyen naku mota tana shiga, ko sai an ɗauke ta a ka?"

Na ji yana jan hanci, wai mura. Sannan: "Laka fa? Shimfiɗar Hajiya Gwaggo?"

Na ce laka ba gishiri ba ce, ruwa ke tafiya da ita. Na gaya masa tsatsa ta cinye rabin darar. Ya tambaya wane rabin. Na ce nawa.

"To ai dama," in ji shi, "ni ke cin wannan ɓangaren."

Jawabin yana nan, ban taɓa shi ba.

Laraba, 26 ga Nuwamba

Gobe bayan asuba, in Allah ya yarda. Zariya, Kaduna, Kachia. Aina'u ta haɗa wa Rifkatu kuka da daddawa da turmin atamfa, ta ce kada in dawo mata da cittar da ba ta kai buhu ba. Na zuba murafen lemo a leda. Ƙusa tana aljihu.

Na san zane da ƙusa a kan sabon fenti buɗe wa tsatsa ƙofa ne. Na karanta. Ai don haka aka yi Asabar.

An janye sanarwar sha shida ga Agusta. Soso ya koma bakin aiki, an kuma ba shi haƙuri. Na yi kuskure.

Kan wankin nake nufi. Yawanci.