Ni na sa hannu a kan bayanin maganin wake

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kwana biyu ke nan gabana bai daina faɗuwa ba.

Ni mace ce a Kazaure, na karanta kwamfuta, ina aiki daga gida da wani ƙaramin kamfani da ya haɗa AI mai amsa tambayoyin manoma ta waya. Shi AI ɗin an ba shi kayan aiki ne iri-iri, wani na duba yanayi, wani na lissafin taki, wani na awon maganin feshi, kowanne da ɗan bayani a jikinsa kamar takardar da ake manna wa kwalbar magani. Bayanin yake karantawa ya zaɓi wanda zai ɗauka. Aikina shi ne in yi ta jefa masa tambayoyi kamar ni ce manomin, in ga ko bayanin ya kai shi inda ya kamata, in ba da maki in sa hannu.

Da damina aka turo min bayanin wani kayan aiki, abin da aka rubuta kawai shi ne yana ba da awon maganin ƙwarin wake. Na gwada shi sosai wallahi, ba wai na yi ha'inci ba, amma duk tambayoyina na gona ne, wake na fure, tsutsa ta kama, tankin feshi nawa. Lokacin ai duk inda ka juya hirar feshi ake, hankalina bai je kan buhu ba sam. Ni da na tashi ina ganin mahaifiyata tana cuɗa wake da toka da barkono ta rufe a jarka, ni ce na manta cewa ƙwarin wake har ɗaka yake bin mutum. Na ba shi cikakken maki.

Shekaranjiya ina duba hirarrakin da aka yi bayan kaka, sai na ci karo da saƙon muryar wani dattijo daga wajen Gwiwa. Ya ce ƙwari sun shiga waken da ya zuba a buhu, me zai sa. Akwai kayan aiki na ajiya daban, wanda zai ce masa ya shanya ya zuba a buhu mai leda da iska ba ta shiga. AI bai ɗauke shi ba, ya ga an ce ƙwarin wake, ya ɗauko na feshin gona ya ba shi awo da murfin kwalba. Dattijon har godiya ya yi, ya ce to madalla, Allah ya yi albarka, zai yayyafa ya ɗinke, in kasuwa ta ci ya fitar. Na saurari muryar nan ta fi sau goma.

Nan take na kira ogana. Ya ce in ƙara layi ɗaya a bayanin cewa na gona ne kaɗai, ban da ajiya, in sake gwadawa, magana ta ƙare. Na yi, yanzu AI yana zaɓar daidai. Da na ce to dattijon fa, sai ya hau faɗa, wai lambar manomi amana ce na sa hannu ba zan taɓa ta ba, wai mutanen karkara sun fi mu sanin magani, ƙila ma bai sa ba. Raina ya ɓaci na ce masa kalmar ƙila ba ta wanke guba daga hanji, ya ce in na kuskura na fitar da maganar, sunana ne a kan rahoton gwajin, ni za a fara kamawa. Kuma gaskiya ya faɗa, sunana ne.

Ban ji maganarsa ba, na kira lambar a ɓoye, ba ta shiga, kun san yadda sabis yake a can. Na tura saƙo, ban ma sani ba ko yana karatun boko. Abin da na sani a kansa sunan ƙauyensu ne kawai da ya ambata, da muryarsa.

Tsoro biyu nake ji. In na hau mashin na je ƙauyen na sa mai unguwa ya yi shela, asirina ya tonu, aikin ya tafi, kuma in wani abu ya riga ya faru ban san inda zan tsaya ba. In na yi shiru kuma, waken nan ba a rubuta masa suna ba, mai ƙosai ce za ta auna, ko mai alala a bakin makaranta, har nan Kazaure zai iya zuwa. Jiya ɗiyata ta dawo da ƙosai a takarda, na fizge na zubar, tana kuka ina kuka, na kasa faɗa mata dalili.

Jibi kasuwar yankinsu ke ci, in bai riga ya fitar da waken ba, ranar zai fitar. In je da kaina gobe da safe, ko in nemi malamin gona in faɗa masa komai ya je a madadina? Masu ilimin addini kuma ku faɗa min gaskiya kada ku lallashe ni, in wani ya ci waken nan ya mutu, alhakin a wuyan wa yake?